Rabin Ƙuri'a, Rabin Rijiya

Ranar da aka ƙirga ƙuri'u a Bagudo, Malam Ma'azu ya sa farar rigarsa ta salla, ya soke alƙalami biyu a aljihun gaba, ya zauna a bencin farko na ɗakin da aka tara akwatuna. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ce, lokacin da ko'ina ake cewa ƙasa ta dawo hannun masu ita. Masu ita kuwa suna nan suna shan ruwan tafki tare da shanu.

Kujera ɗaya ake nema a Majalisar Gunduma, garuruwa biyu suka haɗa ta. Ɗaya Tungar Maliki, garin Ma'azu, can bayan Kurgu dab da iyakar Dahome. Ɗayan Gidan Ango, garin Alhaji Ɗanmusa mai fataucin goro. Abin da ke rataye da kujerar kowa ya sani: an ware wa yankin rijiyar siminti guda ɗaya tal a shekarar, kuma wanda ya ci zaɓe shi zai nuna inda za a haƙa ta. Gidan Ango suna da tsohuwar rijiya da ba ta taɓa ƙafewa ba. Tungar Maliki tafki gare su, kuma duk damina kurkunu sai ya kwantar da rabin majiya ƙarfin garin daidai lokacin noman farko, ka ga ƙato zaune a inuwa yana naɗe tsutsa a tsinke, ciyawa kuwa tana cin gonarsa. Shi ya sa Ma'azu ya ɗauki guga ya zama alamarsa. Alhaji kuwa keke ya ɗauka, don shi kaɗai ke da shi a yankin, kuma ba ya so a manta.

Zaɓen lokacin ba shi da wuya. A miƙa wa mutum takarda, ya shiga rumfar zana shi kaɗai, ya tarar da akwati biyu, mai guga da mai keke, ya jefa a wanda ransa ke so. Ma'azu shi ne malamin yaƙi da jahilci na garinsu, kuma kwana arba'in ya yi yana wa magidanta bayani har muryarsa ta dushe. Garinsu ya fi Gidan Ango mutane. Ko a hanya ya riga ya shirya jawabin godiya.

Malamin zaɓe ya zazzage akwatuna, ya tsotsi yatsa, ya ƙirga. Keke ɗari biyu da uku. Guga ɗari da tamanin da takwas. Sannan ya tsaya yana duban wasu tsibi biyu da ya ware gefe, duka daga rumfar Tungar Maliki. Guntayen takardu ne. Ya ɗauki guntu daga akwatin guga, ya ɗauki wani daga akwatin keke, ya haɗa bakinsu, suka dace tsaf. Ya ƙirga na nan, casa'in da bakwai. Ya ƙirga na can, casa'in da bakwai.

"Rabin takarda ba ƙuri'a ba ce," in ji shi, ya share su da gefen hannu cikin kwando. "Keke ya ci da goma sha biyar."

Alhaji Ɗanmusa ya taso ya kama hannun Ma'azu da hannu biyu. "Malam, kar ka damu. Ka ga mutanenmu? Ko cikin rumfa ba su manta zumunci ba."

Ma'azu bai tsaya shan ruwa ba. Ya kama hanya da ƙafa, rana na dukansa, jawabin godiya na narkewa a aljihu. Da la'asar ya isa gari, ya wuce gidansu, kai tsaye sai ƙofar gidan Kawu Namadi, wan mahaifiyarsa, inda magidanta ke zama a gindin tsamiya.

Kawu Namadi shi ne mai sulhun garin, kuma maganinsa ɗaya ne ga kowace rigima: a raba. In gona ce a ja igiya a tsakiya. In jaki ne, kwana uku nan, kwana uku can, ranar Juma'a ya huta. In kaza aka yi gardama a kanta, ranar gida biyu za su ci nama. Shekara talatin ba a kai ƙarar ɗan Tungar Maliki gaban alƙali ba, kuma Kawu ba ya gajiya da faɗin haka.

"Kawu," in ji Ma'azu bayan gaisuwar da bai bari ta yi tsawo ba, "wa ya koya muku yaga takarda?"

"Ni ne," in ji Kawu, fuskarsa cike da fara'a irin ta wanda ya kashe gobara. "Kuma ba sai ka gode ba, ɗana. Zauna ka ji. Saura kwana ukku zaɓe Alhaji ya zo. Gida gida ya bi, kowane magidanci goro guda, fari ƙal, da hannunai ya miƙa. Munka karɓa, munka ci. To in ka ci goron mutum, ka shiga rumfa ka juya mishi baya, da wane ido za ka dube shi ran kasuwa? Kai kuma ɗanmu ne, kai ke rubuta muna wasiƙa. Mutane sunka zo wurina ido ya raina fata. Na ce musu, in baƙo biyu sunka zo goro guda gare ka, mi kake yi? Sunka ce ɓarawa. Na ce to takarda ta fi goro ne?"

Magidanta suka gyaɗa kai. Wani ya ce Allah ya ƙara wa Kawu basira.

"Amin," in ji Ma'azu. "Amin summa amin. Turawa sun yi shekara sittin a ƙasar nan ba su gano wannan hikima ba, sai a Tungar Maliki. Ya kamata a buga wa Legas waya. Kawu, gobe in likita ya ba ka ƙwaya, ka ɓara ka ba cutar rabi, don kada ta ji an wulaƙanta ta. Wandunanku ma ku kawo a raba, ƙafa ɗaya tawa, ƙafa ɗaya ta Alhaji, ku tafi kasuwa haka kowa ya ga zumunci. Mutum casa'in da bakwai! Goma sha shida kaɗai nake nema a cikinku su riƙe takarda ba su yaga ba. Goma sha shida! Awakin goggona sun fi haka yawa, da su aka ba takardun da aƙalla sun cinye su gaba ɗaya."

"Yaro, da kawunka kake magana," in ji wani dattijo.

Hamma, Bafillacen da ke zaune a gefen gari da 'yan shanunsa, ya cire asawaki daga baki. Yana cikin ɗaliban Ma'azu, kuma shi ya fi kowa iya rubuta sunansa.

"Malam, ni dai tambaya gare ni. Kwana arba'in kana gaya muna 'yanci, da mulkin kai, da yadda ake yi a Indiya. Duk na ji, na kuma ji daɗi. Amma wace rana ka ce kar a yaga? Ko ranar na tafi kiwo?"

Ma'azu ya buɗe baki. Ya nemi ranar a cikin kwana arba'in ɗin, ɗaya bayan ɗaya, bai same ta ba. Ya rufe bakin, ya kaɗa riga, ya tafi gida.

Bayan kwana huɗu labari ya zo. Alhaji Ɗanmusa mutum ne mai sanin ya kamata. Ya ce tunda mutum casa'in da bakwai sun ba shi rabin zuciyarsu, ba zai hana su rabin rijiya ba. Ya hau kekensa ya zo ya nemi shawarar Kawu Namadi, suka zauna a gindin tsamiya, suka raba buhun siminti arba'in gida biyu: ashirin Gidan Ango, ashirin Tungar Maliki. Aka yi fatiha. Helman masu haƙa rijiya, wanda ya zo duba wuri, ya ce ruwa a nan sai an yi gaba goma sha huɗu, ƙasar kuma rairayi ce, in ba siminti rufta wa mutum take. Buhu ashirin zai kai gaba bakwai. Wato kowane gari zai sami rami mai kyau, ginanne, busasshe. Kawu ya ce to ai an fara, sauran rabin sai wata shekara in Allah ya kai mu.

Ranar Ma'azu bai yi wa kowa jawabi ba. Ya jawo akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado ya fara jera littattafai. Akwai wani mai sayen auduga a hayin Dahome da ya daɗe yana neman akawu, tafiyar rabin yini ce kawai. Can ko ba komai in mutane sun yi wauta da Faransanci za su yi ta, ba zai ji ba.

Yana cikin ɗaure akwati Goggo Dela ta ɗaga asabari ta shigo ba sallama. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goye shi, kuma tun da ya dawo daga makaranta ba ta kira shi da wani suna sai Ɗan Boko. Tana ɗingishi, don kurkunun bara ya bar mata ƙafar hagu a sanƙare. Ta sauke tulu a bakin ƙofa ta zauna a kan akwatin.

"Ɗan Boko, ina zuwa?"

"Inda ake da mutane, Goggo."

"Awo. To ka gaishe su. In ka isa ka aiko muna da ruwa cikin ambulan." Ta miƙe ƙafar mai ciwo. "Kwana arba'in ina jin ka ta bayan zana kana wa maza wa'azin rijiya. Wane ne cikinsu ya taɓa ɗaukar tulu? Namadi ya san hanyar tafki? In ka kai shi can ka sake shi, sai an bi sawu. Mu da muke shiga ruwan har gwiwa safe da yamma, ko sannu ba ka ce muna ba."

"Goggo, mata ba su da ƙuri'a. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

"Na sani. An ce hankalinmu bai kai ba. Sai anka ba masu hankali, ga shi ka gani."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wanga rabon siminti, an gama shi ke nan?"

"Sai ran Alhamis majalisa ta zauna a Bagudo ta amince. In an rubuta a littafi, shi ke nan."

"Ana hana mutane zuwa?"

"Ba a hanawa. Amma ba wanda zai je. Sun ci goro, Goggo. Ko gobara ta kama gidan ɗayansu, in Alhaji ya ce ba wuta ba ce, sai ya ce hayaƙi ne kawai."

"Goro nawa?"

"Casa'in da bakwai."

Goggo Dela ta yi tsaki mai tsawo. "Ko ƙwarya bai cika ba. A kan abin da bai kai ɗari ba za ka bar garin ubanka? Kwance akwatin. Ka rubuta takardarka ta ƙorafi, da Hausa, gajeriya, ban da Indiya. Sauran ka bar muna."

Ran Litinin kasuwa ke ci a hayin iyaka. Tun da hantsi matan Tungar Maliki suka bi gida gida suna tara daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, duk abin da ake kaɗa miya da shi, suka ɗora a kai suka tsallaka. Ba su je rumfar yaran Alhaji ba. Wurin wata Badendiya, 'yar hayin, mai goro suka je, suka juye mata kayan miyar gari guda, suka karɓo ƙwaryar goro ɗaya, ɗari cif, a lulluɓe da ganye.

Bayan sallar magariba magidanta suka hallara a gindin tsamiya kamar kullum, kowane gida aka fito da akushi da kwanon miya. Kawu Namadi ya wanke hannu, ya buɗe akushi, tuwon dawa yana tururi. Ya buɗe kwanon miya. Goro ne guda ɗaya, fari, zaune a tsakiyar kwano. Ya ɗaga ido, ya ga na kusa da shi ma yana leƙen nasa kwanon. Aka bi kwanuka kaf. Ko ɗigon miya babu.

"Kai!" in ji Kawu, ya juya wajen zana. "Mi ke nan?"

"Sulhu ne, Namadi," in ji muryar Goggo Dela daga ciki. "Munka ga ku da tuwo da miya, 'yan hayi kuma ba su da ko ɗaya daga gare mu. Sai munka raba don kar a ɓata wa kowa. Tuwo naku, miya tasu. Sauran rabin sai wata shekara in Allah ya kai mu."

Mata suka kwashe da dariya a bayan zana, gida ya amsa wa gida har ƙarshen gari.

"Dela, ki ji tsoron Allah. Gayan tuwo za mu ci da girmanmu? To goron fa?"

"Ba naku ba ne, kar wanda ya sa mishi haƙori. Na Alhaji ne. Kun ce goronai ya ɗaure muku baki. Ga shi nan, ran Alhamis kowa ya kai mishi abinai a Bagudo, bakinku ya kwance. Ranar da kunka dawo za ku ga miya."

Mayar wa mutum goronsa ba ƙaramin abu ba ne. Ko saɓani aka yi, sai an kai maƙura ake yin haka, kuma ba a gaban jama'a ba. Kawu ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa mayar da kyauta ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ya gutsiri tuwo ya kai baki, ya tauna, ya tauna, ya nemi ruwa. Aka miƙo masa na tafki, ja kamar kunun kanwa.

Ma'azu yana zaune a ƙarshen tabarma da nasa gayan tuwon, don Goggo ba ta ware shi ba. Jawabi ya taso masa har maƙogwaro, mai zafi, mai misalai daga ƙasashe uku. Ya haɗiye shi da tuwon. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ran Alhamis da asuba zan kama hanya. Wanda zai je, mu haɗu a bakin tafki. Ba wanda zai yi magana a can, ni ma ba zan yi ba. Goro za ku ajiye, ku koma ku zauna. Kuma don Allah, kada a ɓara."

"Ka ji," in ji Hamma. "Wanga karo ka faɗi."

Talata gaya. Laraba gaya. Wasu suka gwada tuwo da gishiri, wasu da nonon Hamma, har matarsa ta ji labari ta ce nonon ma an raba, rabi na maraƙi, rabi na hayi. Wani ya lallaɓa Kurgu wurin 'yar'uwarsa cin abinci, ya tarar labari ya riga shi, aka ba shi tuwo da goro.

Ran Alhamis da asuba Ma'azu ya tsaya a bakin tafki yana ƙirga kawuna. Ba casa'in da bakwai suka zo ba. Wasu ciwon ciki ya kama su cikin dare, wasu suka tuna suna da suna a wani gari. Sittin da ɗaya ya samu, da mata goma sha biyu, kowacce da tulun ruwan tafki a ka, Goggo Dela a gaba da ƙafarta da sandarta. Kawu Namadi ba ya ciki. Sai da suka wuce Sharabi suka ji kukan jaki a baya. Kawu ne, ya ce shi ba tare da su yake ba, hanya ce ta haɗa su, zai je duba wani aboki.

Majalisa na zama a wani zaure mai faɗi, membobi a kan benci, shugaba a kan kujera, magatakarda da littafinsa. Da ɗan doka ya ga taron sai ya tare ƙofa da kulki. Ma'azu ya miƙa takardarsa mai layi shida, ya ce sauraro suka zo. Shugaba ya karanta, ya ce su shigo iyakar wanda zaure zai ɗauka, amma wanda ba memba ba ba ya magana. Mata suka jera tuluna a bakin ƙofa suka buɗe, don membobi su ga abin da ake sha. Wani memba ya leƙa ɗaya ya tambaya ko rini suka kawo sayarwa.

Aka zo kan maganar rijiya. Alhaji Ɗanmusa ya miƙe ya gyara babbar riga, ya yi bayanin adalci da zumunci da buhu ashirin ashirin. Bai kai ƙarshe ba Hamma ya taso, ya durƙusa a gabansa, ya ajiye goro guda a kan tabarma, ya koma ya zauna. Wani ya taso ya ajiye. Wani ya biyo. Ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya ɗaga ido. Wani tsoho har da hawaye, amma ya ajiye. Goro ya yi tsibi a gaban takalmin Alhaji. Membobi suka daina kallon magatakarda, don duk wanda ke zauren ya san abin da ake nufi, kuma kowannensu ya raba goro kafin ya hau bencin da yake kai.

"Jama'a, mi na yi muku?" in ji Alhaji. Ba wanda ya amsa, tunda doka ta hana.

Can sai ga Kawu Namadi a bakin ƙofa, abokin da ya zo dubawa bai samu ba ke nan. Ya ratso mutane a hankali. Ya ciro goro daga aljihu, ya tsaya a gaban Alhaji, ya sa farcen babban yatsa a tsagar goron yadda ya saba shekara talatin. Ma'azu ya rufe ido. Daga waje Goggo Dela ta yi gyaran murya. Kawu ya dubi goron, ya dubi Alhaji, ya dubi tulunan da ke bakin ƙofa. Ya janye farcen, ya sunkuya ya ɗora shi a kan tsibin, ɗungum.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji shi, ya manta da doka. "Kwana ukku ban ga miya ba."

Alhaji Ɗanmusa bai yi arziki da wauta ba. Ya dubi tsibin, ya dubi sittin da biyun da ke zaune, ya tuna cewa da goma sha biyar ya ci, kuma zaɓe na dawowa. Fuskarsa ta washe.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa shugaba, "ai mutanena sun riga ni ne. Abin da nake shirin faɗi ke nan anka katse ni. Wa ya taɓa ganin rabin rijiya? Tun farko ni ra'ayina a kai buhu arba'in ɗin nan Tungar Maliki, don na daɗe ba ni barci saboda ruwan da bayin Allah wanga ke sha. A rubuta haka, a rubuta ni na kawo shawara."

Aka rubuta. Membobi suka ce madalla da Alhaji. Shi kuwa ya shimfiɗa gefen rigarsa ya kwashe goron tas, ya ƙirga da ido, ya ce wa ɗan doka ya samo masa ɗanyen ganye kada su bushe kafin ran kasuwa.

Masu haƙa suka fara kafin ruwan farko, suka sami ruwa a gaba goma sha uku da rabi. Ranar da aka buɗe ta Alhaji ya zo a kan keke da maroƙi, kuma tun siminti na ɗanye aka rubuta a bakinta da tsinke: Rijiyar Alhaji Ɗanmusa. Hamma ne ya rubuta, don shi ya fi kowa iya rubutu, kuma Ma'azu ne ya koya masa.

Ma'azu ya tsaya yana karanta rubutun, jijiyar wuyansa ta tashi. "Goggo, kin ga wannan? Ni na tsaya takara, ni na rubuta takarda, ni na ci gaya kwana uku. Mutumin da ya so ya bar mu da rami shi ne yau uban rijiya!"

Goggo Dela ta zura guga, ta jawo, ta leƙa ciki. Ruwa fari, har ana ganin ɗinkin gugan a ƙasa. Ta cika tulu, ta kurɓi sauran, ta zuba kaɗan a kan ƙafar mai ciwo.

"To je ka kankare sunan ka sha," in ji ta. "Kama min tulu, Ɗan Boko. Kuma ka faɗa wa ɗalibanka su matsa, yau da la'asar mu ma muna zuwa ajin. Takardar nan da ake ba masu hankali, muna so mu ga kamarta tun kafin a tuna da mu."

Ya kama mata tulun ya ɗora. Da la'asar ya kwance igiyar akwatinsa ya fito da allo da alli, ya yanka tsohuwar jarida ƙanana ƙanana, ya ajiye kwando biyu a bayan zana. Maza suka zauna gaba, mata goma sha biyu a baya da 'yan kujerunsu. Kawu Namadi ya karɓi tasa takardar ya juya ta, ya tambaya ko a wannan na gwaji ma ba a yagawa.